Buhun Kaset ɗin Baba

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne ya san abin da na ɓoye. Masu karatu, ina gaishe ku. Wanda ya saba bina ya sanni, wanda yau ya fara shigowa kuma, sunana Ramlatu, ɗiyar Malam Mamman tela ta Ƙofar 'Yandaka a cikin birnin Katsina. Karatuna a aji shida ya tsaya, don haka in kun ga rubutun ya karkace ku yi mani uzuri. Abin da na tuna shi nake rubutawa.

A baya na ba ku labarin Ashraf, mai shagon gyaran waya da tura karatu da waƙoƙi a Ƙofar Durbi, da yadda iyayensa za su zo sa rana ranar Asabar. Da yawanku kun yi mani murna. Wata ma ta rubuto ta ce in daina jan aji. Ba jan aji ba ne, 'yar'uwa. Akwai abin da ban faɗa maku ba, kuma ban faɗa ma kowa a gidanmu ba.

Ranar Alhamis Gwaggo Kulu, yayar Baba, ta iso tun da hantsi da ƙullin atamfa a hammata. Ta shimfiɗa ta bisa tabarma a tsakar gida, ruwan ganye ce mai zanen fitila.

"Ke amarya, taho ki gani. Wagga za ki ɗaura ran Asabar."

"Gwaggo, ai ba ni za su gani ba, wurin su Baba za su zo."

"Ji mani ɗiya! To ƙannen nashi mata da za su leƙo cikin gida fa, makafi ne? Ki tsaya nan da wanga baƙin hijabin kamar mai takaba, su koma su ce an ba su mujiya."

Inna tana bakin murhu tana tankaɗe. Ta yi murmushi ba ta ɗago ba. Ni ce ɗiyarta ta fari, ba ta kama sunana, ba ta kuma sa baki a zancen aurena a gaban mutane. Amma na ga murmushin, kuma rabon da in gan shi tun kafin rasuwar ƙanena Nu'uman, wata goma sha huɗu ke nan. Shi ya sa bakina ya ƙara nauyi.

Wayata ta yi ƙara a cikin hijabi. Ashraf ne.

"Ranki ya daɗe, saura kwana biyu. Kin ci abinci?"

Na rubuta: "Zan faɗa ma Baba."

Ya fara rubutu, ya goge, ya sake farawa. Can sai ga shi: "Ramla don girman Allah ki bari a sa ranar tukuna. Wanda ya tafi ya tafi."

Bari in koma baya ku gane.

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya ɗaga murya da karatun Alƙur'ani ba. Yana karantawa kullum bayan asuba, amma leɓɓansa kawai ke motsi. In liman bai zo ba aka ce Malam Mamman ya shiga gaba, sai ya ce maƙogwaronsa na ciwo. Mu dai mun ɗauka kunya ce. Wata rana ina yi ma Gwaggo Kulu tsifa, sai ta ce, "Ubanki da kike gani, da can in ya ja aya har masu tallar fura tsayawa suke yi. Shi ne mai jan baƙi na wani malami. Malamin na fassara, shi yana karanto ayoyin. Har a kaset an ɗauka." Na ce ina kaset ɗin? Ta kama bakinta ta ce in ci gaba da tsifata.

Ni kuwa na san inda suke. A ɗakin ajiya, bisa katakon da ke saman buhunan gero, akwai wani tsohon buhun siminti da aka ɗaure bakinsa da igiyar rama. Tun muna yara an hana mu taɓa shi. Na taɓa tambayar Inna, in Baba ba ya son abin da ke ciki, mi ya hana a zubar? Ta ce, "A zuba ayar Allah a juji? Ko a ƙona ta tare da roba tana wari? Ya rasa yadda zai yi da su ne, shi ya sa suke nan."

Shekara uku da suka wuce, ana saura wata biyu azumi, na taka turmi na sauko da buhun. Kaset goma sha ɗaya ne, rubutun ajami a jikinsu ya kusa gogewa. Na zari uku na sa a cikin hijabi. Wallahi ba ni da wata niyya sai in ji muryar ubana yana saurayi. Rediyonmu mai kaset ya daɗe da mutuwa, sai wata ƙawata ta ce akwai mai shago a Ƙofar Durbi da ke da na'urar juye kaset zuwa memori.

Ranar na fara ganin Ashraf. Yana sanye da yadi ruwan toka, hula ta koma ƙeya, ƙaramin sukudireba a bayan kunne.

"Hajiya, waɗannan ai sun girme ni," ya ce yana hure masu ƙura. "Waƙoƙin soyayyar kakanni ne?"

"Karatu ne. Kuma ni ba Hajiya ba ce."

"To Allah ya kai ki, ni kuma ya sa ni ne ɗan rakiya."

Na harare shi, amma da na fito sai da na yi dariya a cikin hijabi. Bayan kwana biyu na koma na amshi memorina da kaset ɗina. Kaset ɗin na kasa maida su, don kullum Baba na zaure yana ɗinki, Inna na tsakar gida. Sai na tura su ƙasan akwatina.

Masu karatu, da na sa abin a kunne sai da tsigar jikina ta tashi. Muryar Baba ce, amma siririya, mai zaƙi, tana hawa tana sauka kamar ba ta taɓa sanin gajiya ba. Yana gama aya sai wani mutum mai kaushin murya ya karɓe da faɗa, jama'a na kabbara. Ni ban damu da mai faɗan ba. In ya fara sai in tura gaba in kamo inda Baba yake. Ban taɓa tsayawa na ji abin da yake cewa ba, ko sau ɗaya.

Daɗi ya ishe ni, na rasa wanda zan gwada ma. Sai na kira Nu'uman. Shekararsa ashirin lokacin, ya gama sakandare da sakamako mai kyau, shekara biyu yana neman gurbin karatu bai samu ba. Yana zaune ne kawai, wani lokaci ya taya Baba sa maɓalli. Na sa mashi a kunne na ce, "Canki wane ne."

Idanunsa suka kawo ruwa. "Yaya Ramla, Baba ne?"

"Kar ka faɗa ma kowa."

"Tura mani."

Na tura mashi. Shi bai tura gaba ba. Shi ya saurari mai faɗan.

A hankali abin ya zo. Ya daina bin limamin unguwarmu, ya ce masu wazifa ne. Ya daina durƙusa ma Gwaggo. Ya samu wasu abokai a waya da ba mu san fuskarsu ba, kullum abin ji na kunnensa. Yaron da ke satar mani ƙuli-ƙuli yana gudu ina bin shi da muciya, ya koma in na yi dariya sai ya ce in ji tsoron Allah. Inna ta ce ƙuruciya ce, gara wannan da shaye-shaye.

Sai Babbar Sallah ta shekara ta biyu ta zo. Baba ya yanka ragonsa da hannunsa kamar kullum, carbin kakanmu Malam Sammani na rataye a wuyansa. Da azahar na soya hanta da ƙoda na kai masu zaure a kwanon sha mai murfi. Baba ya tura kwanon gaban Nu'uman.

"Bisimilla."

"Na ƙoshi."

"Ka ƙoshi da mi? Tun safe ba ka sa komai a bakinka ba."

Nu'uman ya sunkuyar da kai. "Ba ni cin wanga yankan, Baba."

Ina tsaye bakin ƙofa da butar ruwa. Na ga hannun Baba ya tsaya a sama.

"Yankan wa?"

"Wanda ya riƙi carbin shehunai, ya zauna gaban farin ƙyalle yana kiran wanin Allah, yankansa mushe ne, ko da shi ya haife ka." Ya faɗe shi a jere kamar hadda. Sannan ya ɗago. "Ba ni na faɗa ba. Kai ka ja ayar da bakinka aka fassara. A da kana bisa gaskiya, Baba, sai ka sauka."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi abin da ta Baba ta yi ba. Ya miƙe ya shiga cikin gida, muka ji faɗuwar buhu a ɗakin ajiya. Ya dawo igiyar ramar na hannunsa.

"Takwas. Ina ukun?"

Nu'uman ya dube ni. Kallo ɗaya, bai fi ƙiftawar ido ba. Sannan ya maida kansa ƙasa.

"Kai nake tambaya! Sata ka fara yi mani a cikin gidana?"

Baba ya ɗauke shi da mari, marin da bai taɓa yi ma ɗayanmu ba. "Ɓarawo! Ka shiga inda na hana, ka tono abin da na binne, sannan ka zo ka kafirta ni da shi?"

Ina nan tsaye. Butar na hannuna. Kalma uku kawai ake nema, ni na ɗauka, amma ban faɗe su ba. Na ji tsoron marin, na ji tsoron Baba ya daina ce mani Uwata, don sunan mahaifiyarsa gare ni kuma da haka yake kirana tun ina zanen goyo. Nu'uman ya tashi ya fita, ya raɓa ta gefena har rigarsa ta taɓa hannuna. Bayan kwana tara aka wayi gari babu shi, babu jakarsa. Ya bar takalmansa na Sallah a bakin ƙofa, a jere.

Wata takwas ba labari. Ranar wata Talata da la'asar baƙuwar lamba ta kira wayar Baba. Wani ya ce, "Ɗanku ya riga mu," ya kashe. Ba gawa, ba kabari, ba mu san ko a wane daji ba ne. Masu gaisuwa suka riƙa shigowa ɗaya-ɗaya suna magana ƙasa-ƙasa, wasu maƙwabtan ma ba su zo ba.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne wannan. Ranar uku Inna ta durƙusa gaban Baba, ta ce, "Malam, ka ce ka yafe mashi." Baba ya ce, "Allah ya jiƙan shi." Ta ce, "Ba shi na roƙa ba." Ya tashi ya fita. Ranar bakwai Gwaggo ta roƙa, ranar arba'in liman ya roƙa. Amsar ɗaya ce. Gwaggo ta matsa, sai ya ce, "Maganar da ya faɗa mani ba komai. Satar ce ta tsaya mani." Kun san yadda muke jin tsoron mutum ya kwanta da fushin mahaifi a kansa. Inna har yau in ta idar da salla sai na ji tana cewa, "Allah ka sassauto da zuciyar Malam." Ni kuma kaset uku na ƙasan akwatina, ƙarƙashin zannuwan da ake tara mani na aure.

Ashraf ya zo gaisuwa tare da mutanen unguwarsu, daga nan ya fara zuwa zance. Bai san komai ba lokacin, ni ma ban san rabonsa a ciki ba. Mutum ne mai sauƙin kai. In ya ga na yi shiru ba ya takura ni, sai ya kama ba ni labarin masu kawo waya ta faɗa miya su rantse ba ta taɓa ruwa ba. Shi ya fara sa ni dariya bayan rasuwar. Na so shi, ina kuma son shi, ba zan yi maku ƙarya ba.

Wata biyu da suka wuce na hau Keke Napep zan je kai ɗinki. Direban saurayi ne, ya kunna karatu a sifika. Muna kan hanya sai muryar ta fito. Siririya, mai zaƙi. Baba. Na ji kamar an zuba mani ruwan randa a baya. Kafin in dawo hayyacina mai kaushin muryar ya karɓe: yankansa mushe ne, ko da shi ya haife ka.

"Malam, ina ka samu wannan?"

"Wanga? Ai ya zaga gari, Hajiya. Tsohon wa'azi ne, na mazan jiya, lokacin da ba a tsoron faɗin gaskiya. Ki ji alaramman nan, yanzu ina ake samun irinsu?"

Na ce ya sauke ni. Da ƙafa na ƙarasa Ƙofar Durbi, ledar ɗinkin na hannuna.

Ashraf na ganina ya miƙe. "Lafiya? Kin ga fuskarki?"

"Kaset ɗin da na kawo maka shekara uku. Ka aje a kwamfutarka?"

"Duk abin da aka kawo muna ajewa, haka sana'ar take. In wani ya zo yana son tsohon wa'azi sai a tura mashi."

"Mutum nawa ka tura ma?"

Ya sosa ƙeya. "Ramla, wa ya ƙirga? Ana son shi sosai saboda mai jan baƙin."

"Ka taɓa saurare?"

"Farkon kawai, don in ji ko ya fita da kyau."

Na zauna bisa bencin shagon na faɗa mashi duka. Ya cire hularsa ya riƙe. A gabana ya buɗe kwamfutar ya goge. Sannan ya ce a hankali, "Na goge nawa. Amma masu shago huɗu sun kwafa a wurina." Tun ranar nake jin muryar. Wurin mai shayi, wurin masu wankin babur, wani lokaci ko ba a kunna komai ba. Ni da shi duk mun tura gaba ba mu saurara ba, ga inda ya kai mu.

Shi ya sa yake roƙona in yi shiru. Ya san in Baba ya ji wanda ya watsa abin, da wuya a sa rana. Ni ma na sani.

Ranar Juma'a bayan la'asar gidan ya cika da ƙamshin cincin da dubulan da Gwaggo ke soyawa don baƙin gobe. An yi mani lalle, an naɗe ƙafafuna da leda. Na kwance ledar, na wanke, na buɗe akwati. Saƙon Ashraf ya shigo: "Ina ƙaunarki. Ki tuna da Inna, ta fara dariya." Na kife wayar.

Baba na zaure bisa kekensa, yana ɗinke wuyan wata farar riga. Tabarau a karan hanci, zare a leɓe.

"Uwata, an gama yi maki kwalliyar?"

Na durƙusa. Na ajiye kaset ukun bisa tabarma a gabansa.

Keken ya tsaya.

"A kayan shi kika gani?"

"A akwatina suke, Baba. Tun farko. Ni na taka turmi na ɗauko. Ni na kai aka juye, ni na tura mashi. Nu'uman bai taɓa buhun nan ba. Ranar da ka mare shi rufa mani asiri ya yi."

Ina jin ƙarar mai a kaskon Gwaggo, ina jin awaki a waje. Ya cire tabaran ya ajiye.

"Mi ya kai ki?"

"Muryarka nake son ji."

Ya rufe ido. Da ya buɗe ba ni yake kallo ba, bangon yake kallo.

"Shekarar babban fari muka baro ƙauye," ya ce. "Ina ɗan shekara goma. Gonar kakanki wani mai hali ya amshe ta a gaban alƙali, da takardar boko wadda kakanki bai iya karantawa ba. Mutumin da ya sauke littattafai, ana zuwa ɗaukar karatu wurin shi daga nisa, ya tsaya kamar jahili. Shi ma ya ce haka aka yi ma uban shi da Turawa suka zo, dare ɗaya aka ce ilimin su ba shi ne na aiki ba. Muka shigo birni muna kwana zauren mutane. Lokacin kuɗin mai sun shigo, kina ganin wanda kuka yi wasan ƙasa tare ya gina bene, ku ko ba ku da na koko. In na yi magana kakanki ya ce haƙuri. Kullum haƙuri. Na tsani kalmar nan."

Ya ɗauki kaset ɗaya yana juya shi.

"Sai ga wanga malamin, yana wa'azi gindin wata tsamiya. Farkon abin da ya faɗa duk gaskiya ne, shi ya sa muka zauna. Ya ce ana zalunci, ana yi. Ya ce alƙalai na cin hanci, suna ci. Yana da littattafai da aka kawo daga ƙasashen Larabawa, ya ce wasu a kurkuku aka rubuta su, mutanen da aka azabtar. Wanda aka daka, in ya yi rubutu, zafin dukan na shiga cikin tawadar. Mu kuma muka sha da namu zafin. Daga azzalumai sai aka gangaro kan masu yi masu aiki. Daga nan sai masu yin shiru. Daga nan sai iyayenmu. Ba rana ɗaya aka yi ba, taki-taki ne, kuma kowane taki ni ke jawo ayar da za a taka. Mutane ba don faɗan shi suke cika wurin ba, don muryata suke zuwa. Ni ne zumar da ake shafa ma bakin wuƙa."

"Baba..."

"Bari in ƙare. Sallah uku kakanki na aiko mani da nama a kwano, ina maida mashi ko murfin ban buɗe ba. A ta ukun Kulu ta kawo, ta ce ya ce ko ƙoda ɗaya in ci. Na ce ta faɗa mashi mushe ne. Wata Juma'a aka yi arangama da hukuma, abokina Babaji ya faɗi a gefena, ni na ɗauko shi a kafaɗa. Malamin kuwa tun kafin a fara ya bar gari. Da na dawo hankalina na nufi gida in durƙusa, na tarar an yi bakwai ɗin kakanki. Carbin nan kawai ya bar mani."

Hawaye na bin gemunsa bai share ba.

"Da yaron nan ya buɗe baki ran Sallah, kaina na gani. Abin da ya kamata, in zaunar da shi in ce na bi hanyar nan, ga inda ta ɓulle. Shekara talatin da wani abu ina ɓoyon labarin don kunya. Sai na mare shi. Kin san mi ya sa na riƙe satar? Duk sauran abin da ya yi, a wurina ya gada. Satar kaɗai ce tashi. In na sake ta, ba abin da ya rage sai ni."

Ya dubi kaset ɗin.

"Yanzu kin amshe ta."

Sai ya ɗaga murya, da ƙarfin da ban san yana da shi ba. "Rakiya!"

Inna ta fito da gari a hannu, Gwaggo na bayanta da matsami.

"Ku shaida. Na yafe ma Nu'umanu duniya da lahira. Bai yi mani sata ba. Ni ne ban yi mashi adalci ba, Allah ya sa ya yafe mani."

Inna ta zame ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da gefen zane. Kukan da ba ta yi a gaban mutane ba ranar rasuwar, ranar ta yi shi. Gwaggo na ta faɗin alhamdu lillahi, tana dubana tana duban kaset ɗin, ta kasa haɗa zancen.

Na so in tsaya nan. Wallahi na so. Amma Baba ya juyo.

"Wa ya juye maki?"

Na sunkuyar da kai, sai ya ci gaba.

"Makon jiya na je sayen zare, na ji muryata a shagon wani yaro. Na tsaya kamar an kafe ni. Yaron ya ce, Baba ko in tura maka? Wa ya juye, ya kuma watsa?"

"Ashraf ne. Bai san abin da ke ciki ba. Ya goge nashi."

Matsamin Gwaggo ya faɗi. "Mamman, gobe fa mutane za su zo. An soya komai. Kar ka..."

Ya ɗaga mata hannu. Ya tashi ya shiga ɗakin ajiya, ya fito da buhun, ya zazzage takwas ɗin kusa da ukun. Ya jera su goma sha ɗaya, ya gyara zama, ya yi gyaran murya sau biyu kamar mai gwada ƙofar da ta daɗe a rufe.

"Ramlatu."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Uwata yake cewa, ko yana fushi. Na ji sunan ya sauka a ƙirjina kamar dutse.

"Na'am, Baba."

"Kira shi. Ki ce ya zo yanzu, shi kaɗai, kafin magariba. Ya taho da abin ɗaukar magana. Tunda ya iya watsa muryata, akwai sauran karatun da ban ja ba. Maganar gobe kuma sai na ga idon shi."

Na ɗauko wayar, lallen hannuna ko gama kamawa bai yi ba. Na rubuta mashi yadda Baba ya faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Alamar ya karanta ta fito nan take. Ya fara rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Sannan ya sauka daga layi.

Inna ta shiga ɗaki. Cincin ɗin Gwaggo ya ƙone a kasko, ba wanda ya tashi. Baba na zaune gaban kaset ɗinsa yana jan carbin kakanmu, ni ina durƙushe inda nake, hasken ƙofa na ta janyewa daga bisa tabarma. Duk babur ɗin da ya shigo lungunmu sai na ɗaga kai, sai ya wuce.

Ladan ya fara gwada lasifika ke nan, sai wani babur ya rage gudu, ya tsaya daidai ƙofar gidanmu. Aka kashe injin. Ba a yi sallama ba, ba a kuma tafi ba.

Baba bai ɗago ba. Ya ce, "Ramlatu, je ki gani ko tsoro ne ya riƙe shi. In shi ne, ki faɗa mashi na san irin shi. Ni kwana bakwai na makara."